Maƙwabcina Bature ya rasu, za a binne shi a kurmi ba dutse ba siminti: me zan tarar a can?

"Assalamu alaikum. Shekarata tara ke nan a wajen birnin Leeds. Maƙwabcina, wani dattijo Bature da katanga ɗaya ta raba mu, ya rasu makon jiya. Shi ya nuna mana ranakun fitar da shara lokacin da muka tare, shi yake karɓar mana saƙo idan ba ma gida, yarana kuma Kaka suke ce masa. Matarsa ta ce ya bar wasiyya kada a ƙona shi, kada a ɗura masa magani, a kai shi wani fili a bayan gari a binne shi a akwatin saƙa, ba dutse, sai itacen da za a dasa. Ta roƙe ni in shiga cikin mutum shida da za su ɗauke shi, na kuma amsa mata. Amma ban san komai game da irin wannan binnewa ba. Me zan tarar, me ake so in yi, kuma ina iyakata a matsayina na Musulmi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka haƙurin wannan rashi, kai da iyalinka. Mutumin da yara suke kira Kaka ya wuce a ce masa maƙwabci kawai, kuma matar da ta tsallake mutane da yawa ta zaɓe ka cikin masu ɗaukar mijinta ta san abin da ke tsakaninku. Tambayarka uku ce a dunƙule: mene ne wannan tsari kuma me ya kawo shi, wane aiki ne zai hau kanka a ranar, sannan ina addininka ya tsaya da kai. Zan amsa daga abin da muke gani a aikin shirya jana'iza a nan Ingila, inda hulɗa da maƙabartu da masu haƙan kabari da ofishin rajista ta zama abin yau da kullum.

Tun da farko ka kwantar da hankalinka a kan abu guda. Abin da za ka gani a filin nan ya fi kusa da binnewar da ka sani a gida fiye da wadda Turawa suka saba yi a maƙabartun cikin gari.

Abin da ya haifar da shi

A Birtaniya yau, kusan mutum takwas cikin goma ƙona gawarsu ake yi. Ragowar da ake binnewa, hanyar da aka saba ita ce kamfanin shirya jana'iza ya ɗauki gawa, sau da yawa ya zuƙe jinin jikin ya maye gurbinsa da ruwan magani mai fomalin don ta jima ba ta sauya ba. Akwatin kuma na garin katako ne da aka manne da gam, aka lulluɓe da siririn falle mai sheƙi, cikinsa shimfiɗe da leda, hannayensa na roba da aka yi wa ruwan tagulla. Ana haƙa rami mai zurfi sosai don ya ɗauki mutum biyu ko uku na gida ɗaya, wani a kan wani, daga baya a kafa dutse da aka sassaƙa, wanda galibi daga wata ƙasa aka yi jigilarsa. A Amurka ma abin ya fi haka: maƙabartu da yawa suna sharɗanta a saka akwatin a cikin wani akwatin na kankare, don kada ƙasa ta lotsa ta hana injin yankan ciyawa wucewa.

Wasu daga cikin mutanen Birtaniya suka ga abin ya yi nisa da hankali da kuma aljihu. A 1991 Nicholas Albery da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar Natural Death Centre don taimaka wa iyalai su riƙe lamarin mamacinsu da hannunsu. A 1993 Ken West, wanda yake kula da maƙabartun birnin Carlisle, ya ware wani sashe aka fara binne mutane ana dasa itace maimakon kafa dutse, kuma nan ne farkon irin wannan maƙabarta a ƙasar. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan filaye, yau kuma adadinsu a Birtaniya ya haura 270. Wasu na ƙananan hukumomi ne, wasu na manoma da suka ware wani yanki na gonarsu, wasu na ƙungiyoyin agaji. A Amurka na farko shi ne Ramsey Creek a jihar South Carolina, wanda likita Billy Campbell da matarsa suka buɗe a 1998.

Kowane fili da ƙa'idojinsa, amma akwai abubuwan da kusan duka suka haɗu a kai. Ba sa karɓar gawar da aka ɗura wa fomalin. Duk abin da zai shiga rami sai wanda ƙasa za ta ci: akwatin saƙa na rassan wani icce mai laushi da suke yin kwando da shi, ko na gora, ko na kwali mai kauri, ko katako tsantsa wanda ba fenti, ko kuma likkafani na auduga ko ulu. Tufafin mamaci ma ana so su zama na auduga, ulu ko lilin, ba na roba ba, a cire takalmi mai tafin roba da bel. Likkafanin ulu ba baƙon abu ba ne a tarihinsu, domin tun 1666 majalisar Ingila ta taɓa yin dokar da ta tilasta a binne mutane a cikin ulu don raya kasuwar masaƙansu.

Zurfin kabari

Nan ne mutane suka fi yin mamaki. Kabarin irin wannan fili bai kai zurfin na cikin gari ba, kuma da gangan ne. Abin da yake mayar da jiki ƙasa shi ne ƙananan halittu da iska da ɗumi, su kuwa a saman ƙasa suke da yawa. Idan aka kai gawa ƙafa shida ko bakwai cikin yumɓu mai sanyi da danshi, iska ba ta isa wurin, ruɓewa sai ta yi jinkiri ƙwarai, wani lokaci kitsen jiki ya daskare ya zama kamar sabulu ya zauna shekaru. Saboda haka mutum ɗaya ake sakawa a rami ɗaya, a zurfin da ya kai ƙafa huɗu ko kusa da haka. Idan miji da mata suna son zama kusa, gefe da gefe ake ba su.

Akwai iyakar da doka ta gindaya. Dokar maƙabartun ƙananan hukumomi ta 1977 ta ce kada wani sashe na akwati ya kasance ƙasa da ƙafa uku daga doron ƙasa, sai dai in ƙasar wurin ta dace, a nan ana iya sassautawa zuwa ƙafa biyu. Filayen masu zaman kansu galibi wannan ma'aunin suke bi. Ƙasa mai wannan kauri ta isa ta toshe wari, don haka tsoron da wasu suke yi cewa yanyawa ko kare zai tone ba ya faruwa idan an bi ƙa'ida. Hukumar kula da muhalli kuma tana da nata sharuɗɗan saboda ruwan sha: kabari ya yi nisan mita 250 daga rijiya ko burtsatse da ake sha, mita 30 daga rafi ko maɓuɓɓuga, mita 10 daga magudanar gona, sannan a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin gindin kabari da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya taɓa ganin yadda damina take yi wa maƙabartar da ke cikin fadama zai gane hikimar wannan.

Za ka kuma ga an ɗauki mako biyu, wani lokaci uku, kafin a binne shi, abin da yake yi wa Bahaushe nauyi a zuciya. Ba sakaci ba ne. Tun 9 ga Satumba 2024, duk mutuwar da ba ta je hannun jami'in binciken musabbabin mutuwa ba sai wani likita mai zaman kansa ya duba dalilinta, sannan a yi rajista, wadda doka ta ba kwana 5, sannan ofishin rajista ya ba da koriyar takardar da sai da ita ake binnewa. Mu Musulmi muna bin waɗannan matakai da gudu, su kuma ba sa ganin dalilin gaggawa, suna jiran dangi su taru. Tunda ba a sa magani ba, sanyi kaɗai ke riƙe gawar, a ɗakin ajiya mai sanyin digiri 2 zuwa 4. Shi ya sa da wuya a buɗe akwatin a ranar. Idan kana son ganin fuskarsa ta ƙarshe, ka tambayi matar yanzu, kada ka jinkirta.

Iyakarka a matsayin Musulmi

Na sa wannan kafin bayanin ɗauka saboda shi ne abin da ya kamata ka yanke tun yau. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma magana ta ƙarshe ta malamin da ka amince da iliminsa ce. Abin da zan iya yi shi ne in shimfiɗa maka inda maganar take, don ka san abin da za ka tambaya.

Haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga Musulmi ba, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa ga wanda bai yaƙe ka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Abu Dawud da Nasa'i kuma sun ruwaito cewa ya umarci Sayyidina Ali ya je ya binne mahaifinsa Abu Ɗalib. A ɗaya ɓangaren, aya ta 113 a Suratut Tauba ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. Saboda haka gaisuwar ta'aziyya, taimaka wa matar, da yi mata addu'ar haƙuri, malamai da yawa ba su ga laifinsu ba. Addu'ar gafara ga mamacin da shiga cikin ibadar wani addini, waɗannan a bar su.

Inda aka fi saɓani shi ne rakiya zuwa kabari da saka gawa a ciki. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka tashi da ita, ta ce Musulmi ba ya wanke mahaifinsa wanda ba Musulmi ba kuma ba ya shigar da shi kabari, sai in ya ji tsoron zai tozarta, a nan sai ya rufe shi. Malaman Shafi'iyya sun halatta raka gawar ɗan'uwa na jini wanda ba Musulmi ba, wasunsu suka haɗa da maƙwabci. Ka kai wa malaminka tambayar a rarrabe: halarta daban, ɗauka daga mota zuwa bakin rami daban, saukarwa cikin rami daban. A aikace ma ukun nan a rabe suke. Ma'aikatan kamfani suna iya karɓar ɗamarar saukar da akwati a bakin kabari ba tare da kowa ya ga wani abu ba, muddin an gaya musu tun da wuri. Abin da ba na so ya same ka shi ne ka ja da baya a gaban rami, matar tana kallo, mutum biyar suna riƙe da nauyin shida. Duk abin da ka yanke, ka sanar da ita da mai shirya jana'izar aƙalla kwana uku kafin ranar.

Yawancin irin wannan taro ba a coci ake yin sa ba. Wani lokaci limamin coci yakan zo, amma sau da yawa wani mai jagorantar taro ne wanda ba na addini ba zai ba da tarihin mamacin, 'ya'ya ko abokai su yi magana, a karanta waƙa, a yi shiru na minti ɗaya ko biyu. Duka bai cika wuce minti 30 zuwa 40 ba. Idan aka zo addu'arsu ko waƙar coci, ka tsaya shiru cikin natsuwa. Ba wanda zai dube ka, don rabin Turawan da ke wurin ma shirun za su yi.

Ɗaukar akwati

Ka manta da yadda muke yi da makara, inda jama'a suke karɓa-karɓa ana sauri, wannan ya sa kafaɗa wancan ya zame. A nan ku shida ne daga farko har ƙarshe, kuma a hankali ake tafiya. Ka isa wurin minti 30 kafin lokaci, domin mai shirya jana'izar zai tara ku ya jera ku bisa tsawo: biyu-biyu masu kafaɗa daidai, gajeru a gaba, dogaye a baya. Ƙafafun mamaci ne suke yin gaba a al'adarsu, kuma ɓangaren kai da ƙirji ya fi nauyi, don haka na baya su ne suke shan aiki. A ƙaddara dattijon yana da kilo 80, akwatin kuma 25, kowannenku zai ɗauki kusan kilo 17 ko 18. Ba nauyi ne mai yawa ba a kan kwalta, amma a kan ciyawa mai santsi da tudu da gangare, tafiyar mita 200 tana jin jiki. Idan kana da ciwon baya ko na kafaɗa ka faɗa, akwai keken hannu da yawancin filayen suke ajiyewa saboda motar gawa ba ta iya shiga cikin fili.

Tambaya ta farko da za ka yi ita ce: a kafaɗa za a ɗauka ko a hannu, kuma hannayen akwatin suna ɗaukar nauyi? Wasu hannayen ado ne kawai, in aka ja su sai su tsinke. Akwatunan saƙa masu kyau suna da hannayen igiya da aka zarga ta ƙarƙashin gindin katako, waɗannan ana iya dogara da su. A fili mai gargada ɗauka a hannu, daidai ƙugu, ta fi aminci. Idan a kafaɗa ne, za ku ɗaga tare da umarnin mutum ɗaya, ka sa gefen akwatin a kan tsokar kafaɗa ba a kan ƙashi ba, hannunka na ciki ya riƙe kafaɗar abokin jerinka ta ƙarƙashin akwatin, na waje ya tallafi gefe. Jagora zai faɗi ƙafar da za a fara da ita. Taku gajere, ido a kan dugadugan na gabanka.

Akwai abin da nake gaya wa duk wanda zai ɗauki akwatin saƙa karon farko, saboda yana firgita mutane. Yana ƙara. Kowane taku za ka ji rassan suna kukan ƙiƙi-ƙiƙi a gefen kunnenka kamar sabon kwando da aka cika da kaya, kuma yana ɗan lanƙwasa, har ka ji nauyin jikin yana motsawa kaɗan idan aka hau tudu. Ba karyewa zai yi ba. Ta tsakanin saƙar kana iya hango farin ƙyallen da aka shimfiɗa a ciki, irin alawayyon da muke yanka likkafani da shi, wani lokaci ma sanyin ɗakin ajiya yana ratsowa ya taɓa kumatunka. Mutane da yawa a nan ne hawaye yake zuwar musu. Idan ya zo maka ka bar shi ya zuba, kada dai ka saki hannu don sharewa.

Saukarwa

Za ku tarar an shimfiɗa faffaɗan katako a gefe biyu na ramin, an kuma gitta sanduna biyu masu kauri a bakinsa. A kan sandunan nan ake ɗora akwatin. A ƙarƙashinsa akwai ɗamara biyu ko uku masu faɗi, irin ta ɗaure kaya, kowace da mutum ɗaya a kowane bakinta. Ka tsaya a kan katakon, ƙafa a ware, kada ka taka gefen ramin kansa, domin yumɓun da ya sha ruwa yana zaftarewa ba gargaɗi. Jagora zai ce ku ja, sai ku ɗaga akwatin kamar faɗin tafin hannu, ma'aikaci ya zare sandunan, sannan ku riƙa sakin ɗamarar hannu bayan hannu.

Kurakurai uku ne suke faruwa a nan, kuma duk ana iya kauce musu. Na farko, naɗe ɗamara a wuyan hannu. Mutum yana ganin hakan ya fi riƙo, amma idan ɗaya ɓangaren ya saki da sauri nauyin duka zai fizge shi zuwa ramin. A tafin hannu ake riƙewa, ragowar tana zube a bayanka inda ba za ka taka ta ba. Na biyu, barin ɗamara ta zame ta cikin hannu maimakon a sake ta kamu-kamu: tana ƙona fata, mutum ya saki ba shiri. Na uku, rashin kallon juna. Idan ɓangare ɗaya ya riga ɗaya, akwatin zai karkace ya cije a bangon ramin, jikin ya gangara gefe guda. Ka sa ido a kan wanda yake fuskantarka, ku sauka daidai. In ya cije, a tsaya, a ɗan ɗaga, a daidaita, kada a tura da ƙafa. Idan ya zauna a ƙasa za ka ji ɗamarar ta yi sako-sako, sai ka ajiye bakinta a gefe ka ja da baya taku biyu.

Sauran matsalolin ba naka ba ne, amma sanin su yana da amfani tunda kana kusa da matar. Akwatin saƙa ya fi na katako faɗi, kuma idan aka ba mai haƙa awo ba tare da an haɗa da hannaye ba, ramin yakan yi kaɗan, a tsaya ana sassaƙar gefe mutane suna jira. Kira ɗaya zuwa kamfanin a tabbatar an aika awon waje, har da hannaye, ya isa ya hana wannan. Idan an kwana ana ruwa, rami yakan tara ruwa, sai a zuƙe da safe a zuba ganye ko ciyawa a gindinsa. Akwatin kwali kuwa ba ya son ruwan sama ko kaɗan, a rufe shi da bargo har bakin rami.

Bayan an sauke, za a miƙo ƙasa a kwano ko a nuna tarin da ke gefe, kowa ya ɗiba ya zuba, wasu su jefa fure. A maƙabartun cikin gari a nan ake watsewa, a bar ma'aikata su rufe da inji. A irin wannan fili sau da yawa ana ajiye shebur huɗu ko biyar don duk mai so ya taya rufewa. Turawa da yawa ba su taɓa yi ba, sukan tsaya suna duban juna. A fara zubawa a hankali ta gefe-gefe da ƙasa mai laushi har murfin ya ɓace, saboda ƙarar dunƙulen yumɓu a kan akwati tana da zafi a kunnen iyali. Ƙasar sama mai ciyawa, wadda aka ware daban lokacin haƙa, ita ce ta ƙarshe.

Game da shiri: takalmin ruwa ko wani mai tauri wanda ba ka jin ɓacinsa, riga mai kauri, laima. Tufafi masu duhu sun wadatar, sai in iyalin sun ce a sa masu launi, abin da yake yawan faruwa. Babbar riga ba ta dace da mai ɗauka ba, hannunta yana kama ɗamara. Wasu filayen ba su da banɗaki ko rumfa, ka yi alwalarka daga gida ka kuma lissafa inda azahar za ta same ka. Idan za ku kai fure, a cire leda da waya da soson roba da masu sayarwa suke kafa su a ciki, a ɗaure da zaren auduga. Sau da yawa iyali sun fi son a ba wata ƙungiyar agaji kuɗin furen.

Inda muka haɗu da inda muka rabu

Kana tsaye a wurin za ka riƙa tuna gida. Mu ma ba ma ɗura magani, ruwa ne da magarya da kafur. Farin ƙyalle ne, rami ne da ƙaramin rami a cikinsa, a jera itace ko tukwane, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara ƙasa kamar taƙi ɗaya, ba gini. Abin da suka dawo suna nema a 1993 shi ne abin da ake yi a kowane ƙauye tsakanin Katsina da Damagaram. Dalilin ne ya bambanta: namu bin umarni ne da sunna, nasu kula da ƙasa da ruwa da son sauƙi. Ba su damu da alƙibla ba, ba su damu da gaggawa ba, kuma da yawa daga filayen suna karɓar tokar waɗanda aka ƙona su binne a gefe. Saboda haka Musulmin da yake tunanin sayen wuri a irin wannan fili sai ya tambayi ko akwai sashen Musulmi, ko za a haƙa ramin yadda mamaci zai kwanta a damansa yana fuskantar kudu maso gabas, da ko suna haƙa a Asabar da Lahadi. Maƙabartar Musulmi ta Gardens of Peace da ke Hainault a gabashin Landan, wadda aka buɗe a 2002, tana binnewa da likkafani ba akwati, kuma dokar ƙasar ba ta tilasta akwati ba.

Bayan an dawo

Daga maƙabarta za a wuce wani zaure, ko gida, ko mashayar unguwa, a sha shayi a ci ɗan abin taɓawa. Za a iya samun giya da naman alade. Idan wurin bai kwanta maka ba, ka gaisa da matar da 'ya'yan a bakin ƙofa ka ce za ka shigo gida gobe, ba za su ɗauke shi raini ba. Kati da ka rubuta da hannunka, ka ambaci abu ɗaya takamaimai da marigayin ya yi muku, ko da maganar ranakun sharar nan ce, yana da daraja a wurinsu fiye da yadda muke zato. Ajiye irin waɗannan katunan suke yi shekaru. Ka bar yaran ma su rubuta nasu.

Ba su da zaman makoki. Ba tabarma a ƙofar gida, ba masu shigowa gaisuwa kwana uku ko bakwai. Washegarin binnewa 'ya'yan za su koma garuruwansu, gidan ya yi tsit, kuma daga nan ne matar za ta fara jin rashin sosai. A nan al'adarmu take da abin bayarwa, zumunta kuwa a ƙafa take. Sai dai a yi ta da awonsu: kada ku cika mata falo, kada ku daɗe. Uwargidanka ta leƙa da kwanon abinci marar yaji sosai, minti goma sha biyar, ta fito. Kai kuma ka karɓi ayyukan da shi yake yi ba tare da ka tsaya tambayar me take buƙata ba, don za ta ce ba komai: fitar da kwandon shara daren da ake fitarwa, yanke ciyawar gaban gida, canza ƙwan lantarki, kai ta asibiti ranar da take da ganin likita.

Ka kuma shirya mata zuciya game da kabarin. Ƙasar za ta lotsa cikin watannin farko, musamman bayan ruwa mai yawa, kuma akwatin saƙa yana saurin sakin jiki fiye da na katako. Masu filin suna ƙara ƙasa su daidaita, amma wanda ya je bai sani ba yakan ɗauka an yi sakaci da mamacinsa. Ba za ta tarar da suna a dutse ba. An rubuta wurin a taswirar filin da rajistarsu, wasu suna binne ƙaramar alama da na'ura take ganowa, wasu suna yarda da ɗan allon katako a kwance. Ranar binnewa ka tsaya ka ɗauki hoton wurin daga kusurwa biyu, ka haɗa da wani abu da ba ya motsi kamar ƙofar shinge ko babban itace, domin bayan ciyawa ta tashi a bazara ko'ina kama yake yi wa ido.

Itacen ma ba ranar ake dasa shi ba. Lokacin dashe a ƙasar nan daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da itatuwa suka zubar da ganye, kuma ana jira ƙasar kabarin ta zauna tukuna. Wasu filayen a kan kabarin suke dasawa, wasu a gefe don saiwa kada ta hana haƙa na kusa, kuma irin itatuwan yankin kaɗai suke yarda da su. Sukan sanar da iyali ranar. Wurin yana bayan gari, bas ba ta cika zuwa ba, ranar kuma za ta faɗo tsakiyar hunturu. Ka tambaye ta tun yanzu ta gaya maka idan takardar ta zo, ka ɗauki hutun rabin yini, ka sa shebur da takalman ruwa biyu a bayan mota.